Matatar ruwan kifi

Idan damina ta yi kyau, gulbi ya kawo, tabkuna sun cika, yaran Gangara da na Gazawa sukan kamo ƴan kifaye a gwangwani su kai gida. Wataƙila a cikinku akwai wanda ya taɓa yi. Ya zuba masu ruwan rijiya mai kyau, ya marmasa masu tuwo. Rana ta farko suna ta wasa. Rana ta biyu sun taso sama suna buɗe baki. Kafin kwana huɗu duk sun juya ciki sama. Yunwa ce ta kashe su? A'a, ga tuwo nan a gindin gwangwani, ba su ci ba. Ruwan ne ya kashe su. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Bari mu ga abin da ya tsamar da wannan, mu kuma ga yadda ake gina matatar da za ta hana.

Abin da ke ɓata ruwan kifi

Akuya tana kashi da fitsari a turke, da safe a share a kai gona. Kifi kuwa ba mai share masa. Inda yake ci, nan yake kashi, nan yake numfashi. A babban tabki kamar na Madarunfa, kudu da Maraɗi, wannan ba komi ba ne. Ruwan yana da yawa, iska tana kaɗa shi, ga ciyayi, ga laka, duk suna shanye ƙazantar. A cikin kwamin siminti ko akwatin gilashi babu ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ƙazantar ruwan kifi iri biyu ce. Akwai wadda ido ke gani: kashin kifi, ragowar abinci, ƙura da ganyen da iska ta kawo. Akwai kuma wadda ido ba ya gani, ita ce mai kisa. Sunanta amoniyak. Kun san warinta ko ba ku san sunanta ba. Ita ce ke yi maku yaji a hanci in kun shiga garken da fitsarin dabbobi ya kwana biyu. Kifi yana fitar da mafi yawan tasa ta jajayen naman nan masu kama da gashin tsuntsu da ke cikin kumatunsa, waɗanda yake numfashi da su. Abincin da ya ruɓe a ruwa shi ma amoniyak yake komawa. In ta taru, sai ta ƙone wa kifi wannan jan naman, ya kasa numfashi. Ruwa yana iya zama garau kamar na pampo, alhali cike yake da ita.

Akwai matsala ta uku. Kifi yana buƙatar oksijen kamar mu, amma ruwa ba ya riƙe shi da yawa. Oksijen da ke cikin litir ɗaya na iska ya ninka na litir ɗaya na ruwa wajen sau 30. Kuma in ruwa ya yi ɗumi, abin da yake riƙewa raguwa yake yi. Shi ya sa watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a jahar Maraɗi, su ne masu wuya ga mai kiwon kifi. Tarwaɗa tana da dabara: takan taso ta haɗiyi iska ta koma. Gaiwa ma ta fi ta, tana iya shafe rani a cikin busasshiyar laka. Gargaza, wadda wasu ke kira karfasa, ba ta da wannan baiwa, ita ce ke fara galabaita.

Gwajin da aka yi a Paris

Ƙazantar da ido ke gani tsumma ma yana tare ta. Iyayenku sun san wannan: da ƙyallen tace ruwa aka yaƙi kurkunu a ƙauyukanmu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a shekarar 2013 cewa Nijar ta rabu da shi. Amma amoniyak ta narke a ruwa kamar gishiri. Ku tace ruwan gishiri sau goma, ku ɗanɗana, gishirin yana nan. To me zai fitar da ita?

A shekarar 1877 wasu masana biyu na ƙasar Faransa, Théophile Schloesing da Achille Müntz, suna neman hanyar tsabtace ruwan kwatar birnin Paris. Suka sami dogon bututu na metir ɗaya, suka cika shi da rairayi da ɗan dutsen farar ƙasa. Kullum suna ɗiga ruwan kwata ta sama, suna auna wanda ya fito ta ƙasa. Kwana 20 babu abin da ya sake. Amoniyak ta shiga, amoniyak ta fita. Bayan nan sai ta fara raguwa, har ta ɓace sarai, wani gishiri mai suna nitirat ya maye gurbinta.

Sai suka tambayi kansu: in rairayi ne ke wannan aiki, don me ya jira kwana 20? Abin da ke jira ya yi yawa tukuna, ai mai rai ne. Don su tabbatar, suka busa wa bututun kulorofom, maganin da likitocin da ke sa majinyaci barci da shi. Aikin ya tsaya cik. Suka zuba ruwan da aka dama da ƙasar garka, aikin ya dawo. A shekarar 1890 wani masani haifaffen birnin Kiev, Sergei Winogradsky, da ke aiki a Zurich ta ƙasar Suwis, ya nuna ƙwayoyin da ke wannan aiki. Ƙananan halittu ne da ake kira bakteri, sai da madubin likita ake ganinsu.

Kun saba jin bakteri a darasin tsabta, ana cewa suna kawo zawo da kwalara. Gaskiya ne, akwai masu cuta. Amma akwai masu amfani da yawa, kamar waɗanda ke mai da madara nono. Na matatarmu ƙungiya biyu ne, suna aiki kamar masu sussuka da masu sheƙa. Na farko su ci amoniyak su mai da ita nitirit. Nitirit ma guba ce, tana hana jinin kifi ɗaukar oksijen. Na biyu su ci nitirit su mai da ita nitirat. Nitirat ba ta cutar da kifi sai ta taru ƙwarai, kuma abincin tsiro ce, taki ne sosai.

Waɗannan ƙwayoyi ba su son yawo a ruwa. Sun fi son su manne a jikin dutse, ruwa yana wucewa yana kawo masu abinci da iska. Saboda haka in mun ce za mu gina matata, rabin aikin gina masu gida ne.

Ruwa gangara yake yi

A birane ana sai da ƴan matatu da ake sakawa cikin akwatin gilashi. Sun isa ga kifi biyar ko goma na ado. Babban kwami kuwa sai babbar matata, ita kuwa ba ta shiga ciki, sai a ajiye ta waje, ƙasa da kwamin. Kalmar nan da kuke faɗa kullum in an tambaye ku garinku, ita ce dukan asirin. Ruwa gangara yake yi, ba a tura shi. In ya cika kwami ya kai bakin tiyo, sai ya sauko da kansa, ya ratsa matata. Aikin inji ɗaya ne tak: ya ɗauko shi daga ƙasa ya mai da shi sama.

A ce makarantarku tana son gina kwami mai tsawon metir 2, faɗi metir 1, ruwan ciki ya kai zurfin santimetir 50. Ku yi lissafi a allo, za ku sami litir 1000. Litir ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne. Ke nan nauyin ruwan ya kai na buhun gero 10 masu kilo 100. Ku riƙe wannan a rai, don za a ɗora kwamin bisa dakali mai tsayin santimetir 60, kuma dakalin da aka yi wa aikin ganin ido ba zai ɗauka ba. A kira magini. A zaɓi wuri mai inuwa, amma ba daidai ƙarƙashin bedi ba, don ganyensa da ƴaƴansa suna zuba. Rumfar zana ta fi. In filin makaranta yana da tudu da kwari, an huta: kwami a tudu, matata a kwari.

Sabon siminti yana sakin wani abu mai kaifi kamar toka, yana kashe kifi. A cika kwamin da ruwa, a bar shi mako guda, a zubar, a sake. A yi haka sau uku kafin a yi zancen kifi.

Kayan aiki

Ana buƙatar tano uku na roba masu cin litir 200, irin waɗanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira duro. Sai tiyo mai kauri na saukar ruwa, da siriri na hawa. Sai tsakuwa, da tsingaro, wato fasassun tukwane da tuluna, waɗanda ba a rasa su a bayan kowane gida. Sai soso, ko guntun katifar soso, da tsohuwar robar wanki. Mai ƙarfin hali yana iya sa manyan randuna a madadin tano, sai dai huda randa ba tare da ta tsage ba aikin mai haƙuri ne.

A nan ne mutane suka fi yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Kada a taɓa amfani da tanon da ya ɗauki mai, ko gazuwal, ko maganin ƙwari na gona. Ko an wanke shi sau ɗari, roba ta riga ta sha. A nemi wanda aka san abin da ya ɗauka. Abu na biyu ya fi ruɗi. Za ku ga tsohon sange a gida, ku ce ga abin tace ruwa ya samu. Kada ku yarda. Sangen da ake rabawa don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro an jiƙa shi da maganin da ke daɗewa shekaru. Ba ya cutar da mai barci a ciki, amma ga kifi mugun dafi ne, kaɗan ya isa. Sange na gado ne, a bar shi can.

A wanke tsakuwa da tsingaro da ruwa zalla har ruwan ya fita fari. Ba sabulu, ba omo. Tsingaron tukunyar da ta daɗe tana dafa miya ya sha mai, a bar shi, a ɗauki na tulu da randa. Me ya sa muke son tsingaro? Ku tuna yadda randa ke tsattsafo tana sanyaya ruwa. Jikinta cike yake da ƙananan kafofi. Kowace kafa ɗaki ce ga bakteri. Dunƙulen tsingaro ya fi santsin dutse mai girmansa ɗaukar su nesa ba kusa ba.

Yadda ake haɗawa

Mu bi ruwan daga inda ya fito.

A huda bangon kwami daidai inda ake son ruwa ya tsaya. Da an bar ramin haka, ruwan sama mai tsabta ne zai riƙa fita, ƙazanta ta kwanta a ƙasa. Don haka a cikin kwamin ake tsai da tiyo mai kauri. Bakinsa na ƙasa ya kusa taɓa daɓe, saura yatsa biyu, a ɗaura masa raga don kada ƙananan kifi su shige. A sama a sa masa mahaɗi mai baki uku: ɗaya ya kama tiyon tsaye, ɗaya ya bi ramin bango ya fita waje, na ukun ya dubi sama a buɗe. Ruwa zai shiga ta ƙasa da ƙazantarsa, ya hau, ya fita ta gefe.

Kada wani mai son gyara ya toshe bakin nan da ke duban sama. Kun ga yadda masu sai da esansi a bakin hanya ke zuƙar tiyo sau ɗaya, mai ya yi ta zuba daga bido har ya ƙare? Tiyon da ya cika da ruwa, babu iska a ciki, haka yake yi. In aka toshe wannan baki, tiyon yana iya janye ruwan kwami cikin dare, da safe a tarar da kifi kwance a daɓe. Iskar da ke shiga ta nan ita ke karya wannan jan.

Tano na farko yana zaune a ƙasa, kusa da dakali. Aikinsa kwantar da ƙazanta. Tiyon da ya fito daga kwami ya nutsa cikinsa har ya wuce rabi, a karkata bakinsa gefe don ruwa ya riƙa juyawa a hankali. Kun ga yadda gasara ke kwanta a gindin ƙwarya in an bar ta? Haka kashin kifi zai kwanta. A huda mafita santimetir 10 ƙasa da bakin tano, ruwan sama ya wuce gaba. A gindi kuma a sa robine babba ta zubar da laka.

Tano na biyu shi ne gidan bakteri. Dole bakinsa ya kasance ƙasa da mafitar na farko, saboda haka a tona rami mai zurfin santimetir 30 ko 40, wanda zai ɗauki tano biyu gefe da gefe. A yi wa ramin ƴar katanga don ruwan sama kada ya cika shi. A gindin tanon a jera manyan duwatsu, bisansu tsakuwa, bisanta tsingaro har kusa da baki. A samo robar wankin nan, a huhhuda gindinta da ƙusa mai zafi kamar gwagwa, a shimfiɗa soso a ciki, a ɗora ta a bakin tano. Ruwa zai zubo cikin roba, soso ya tare sauran datti, sa'an nan ya yayyafa bisa tsingaro kamar ruwan sama. Wannan yayyafi yana da muhimmanci. Ruwan da ke ɗiga yana gauraya da iska, bakteri su sami oksijen, kifi ma su samu. Wasu sukan ƙara gawayi. Ba laifi, in an wanke shi, amma kada a dogara da shi, ba ya kama amoniyak yadda ake zato. Rairayi kuwa ban ba ku shawara ba. Yana tace ruwa da kyau, amma kashin kifi yana toshe shi cikin kwana kaɗan.

Tano na uku babu komi cikinsa sai ruwa mai tsabta da inji. A haɗa shi da na biyu da guntun tiyo mai kauri kusa da gindi. Tukwane biyu da aka haɗa ta gindi, ruwansu kai ɗaya yake tsayawa. Ku gwada da gwangwani biyu ku gani. Ruwan waɗannan tano biyu kada ya wuce santimetir 30, don yawancin tsingaro ya zauna a iska. Daga nan inji zai tura ruwa ta siririn tiyo ya koma kwami, can nesa da mafita. Bakin wannan tiyo ya tsaya bisa ruwa, ruwan ya faɗo yana ƙara. In an nutsa shi, ranar da inji ya tsaya zai zama tiyon mai esansi, ya jawo ruwa baya.

Don me tiyon sauka ya fi na hawa kauri? Na hawa inji ke tura masa ruwa da ƙarfi. Na sauka ba mai tura masa, nauyin ruwa ne kawai. In sun zo daidai, abin da ke shiga kwami zai fi abin da ke fita, ya yi ambaliya.

Ranar gwaji

Kafin kifi ko ɗaya ya shiga, a cika komi da ruwa, a kunna inji, a duba inda ke yoyo. In komi ya daidaita, sai a kashe injin da gangan, kowa ya zuba ido. Ruwa ba zai tsaya nan take ba. Lokacin da inji ke aiki, ruwan kwami yakan ɗara bakin mafita da kamar santimetir 2. Wannan rarar dole ta sauko. Nawa ce? A kwaminmu kowane santimetir ɗaya litir 20 ne. Ke nan litir 40 za su sauko, bokiti huɗu masu litir 10. In an cika tano na uku har baki tun farko, ina za su shiga? Ƙasa za su bi. In inji ya dawo kuma ya tarar ruwa ya ragu. Shi ya sa muka bar sarari.

A yi zane biyu da fenti a jikin tano na uku. Na sama ya nuna inda ba a wucewa in ana ƙara ruwa. Na ƙasa ya nuna inda inji zai fara shan iska. Inji in ya yi aiki babu ruwa ƙonewa yake yi. Ku lura da wani abin mamaki: ruwan kwami kullum yana wuri ɗaya, ko rana ta shanye nawa. A tano na uku ne ragin ke bayyana. Lokacin hunturu, da busasshiyar iska ke kaɗawa, sai an duba zanen nan kowace safiya.

Wane inji? Ƙaramin inji mai nutsewa a ruwa, wanda ke iya juya dukan ruwan kwami cikin awa ɗaya ko biyu. Ku sani lambar da aka rubuta a kwalinsa ta ruwan da bai hau tudu ba ce. In zai ɗaga ruwa metir ɗaya da rabi, abin da zai bayar ya ragu. Inda babu wutar lantarki, akwai masu aiki da faifan hasken rana. In babu batir, da faɗuwar rana za su tsaya. Matatarmu tana jure wannan fiye da wadda duwatsunta ke nutse, don tsingaro yana kwana da laima, iska kuma tana ratsa shi. Amma kifi za su kwana babu sabon ruwa, don haka a rage yawansu, a kuma zaɓi tarwaɗa. Haɗa waya aikin manya ne. Yaro kada ya sa hannu a tano inji yana kunne.

In babu inji sam, guga yana yi: a ɗebo daga tano na uku a zuba a kwami, safe, da lokacin shan iska, da marece. Amma ku lissafa. Juya litir 1000 sau ɗaya bokiti 100 ne. Ajin da zai yi da hannu gara ya gina ƙaramin kwami, ya sa kifi kaɗan.

Haƙurin mako shida

Ku tuna da kwana 20 na mutanen Paris. Sabuwar matata kango ce, ba kowa ciki. Bakteri za su zo da kansu daga ƙura da ƙasa da ruwa, amma suna jinkirin haihuwa, sai mako huɗu zuwa shida kafin su isa aiki. Wanda ya zuba kifi ɗari a rana ta farko ya maimaita labarin gwangwani, sai dai wannan karon da kuɗin makaranta. A fara da biyar ko shida, a ba su abinci kaɗan. In an sami wani mai kiwon kifi da matatarsa ke aiki, kifinsa kuma lafiya lau, a roƙi tsakuwa cikin kwano daga tasa, a kawo ta da laimarta a zuba. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Haka uwayenku ke zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara.

Bayan mako shida a ƙara kifi kaɗan-kaɗan, har su kai 20 ko 30 a shekarar farko. Su zama kai ɗaya, don babbar tarwaɗa tana haɗiye ƙanwarta. A ba su abinci sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti 10. Gara da tunkuza da dusa suna taimakawa. A makaranta yawan abinci ya fi yunwa kashe kifi, don kowane yaro yana so a ce shi ya ba su. A rubuta sunan mai aikin kowace rana a allo.

Kula da matata

Kowace safiya a buɗe robinen tano na farko har laka ta fita, ruwa ya fara haske. A ɗauraye soso kowane kwana biyu. Sau ɗaya a mako a fitar da bokiti 10 zuwa 20 na ruwan kwami, a sa sabo, don rage nitirat. Wannan ruwa da lakar nan kada a zubar a banza. A kai su garkar makaranta, gindin tumatir da zogale da yakuwa. Ku ware kunya biyu, ɗaya ku ba ta ruwan rijiya, ɗaya ruwan kifi, ku auna tsayin shukar kowane mako ku rubuta a littafi.

Tsingaro zai yi santsi, ya yi launin ƙasa-ƙasa. Mai son tsabta zai ce ya yi datti, ya ɗauko omo. Wannan santsin su ne ma'aikatanku. Ba a wanke shi sai ruwa ya fara kasa wucewa, sa'an nan a ɗauraye rabi kawai, da ruwan kwami, a bar ɗaya rabin sai wani wata. Ruwan pampon da aka sa wa jabel yana kashe bakteri, aikinsa ke nan. In shi kaɗai ke akwai, a tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana biyu kafin a zuba.

Hanci da ido su ne ma'auninku. Matata mai lafiya tana ƙanshin ƙasar da ruwan fari ya daka. In ta fara warin ruɓaɓɓen ƙwai, wani wuri ya toshe, iska ba ta shiga. In kifi sun ƙi abinci, ko gargaza sun taru a sama tun da asuba suna haki, a daina ba su abinci ranar, a sake sulusin ruwan nan da nan, sa'an nan a nemi dalili.

A rufe tano na farko da na uku da murfi ko buhu. Kifi suna cinye tsutsar sauro a kwami, amma a tano ba mai cin ta. A kuma kewaye wurin da shinge mai ƙofa, saboda awaki, da kuma ƙannenku. Ruwan da bai kai gwiwa ba yana iya halaka yaro mai rarrafe. Kuma ko ruwan tano na uku ya yi haske kamar hawaye, ba na sha ba ne. Matatar nan ba ta kashe ƙwayoyin cutar mutane.

Saura tambaya ɗaya da ya kamata aji ya amsa tun kafin a sayi buhun siminti: wa zai duba kifi lokacin babban hutu? Kowa yana gona a watan Yuli da Agusta, makaranta a rufe. Matatar da aka bari mako guda ba inji, ba mai buɗe robine, ta mutu, kifin ma haka. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi kalandar makaranta. A tada matata da komawa aji a watan Oktoba, a zuba ƴaƴan tarwaɗa a Nuwamba. Cikin sanyin Disamba da Janairu za su rage ci, girmansu ya yi jinkiri, kada ku damu. Da zafi ya shigo za su kama ci. A kwashe su a watan Mayu ko farkon Yuni, a auna su a sikeli, a rubuta nauyin abincin da suka ci da nauyin da suka yi. Sa'an nan a zubar da ruwan a garka, a shanya tsingaro, a kife tano uku a ɗakin ajiya har Oktoba.